Mutumin da Ba Ya Zaɓar Akuya Sai Ya Ga Gida

Kafin likita ya iso, kafin akawu ya buɗe tagarsa, shi ya riga ya jingine kekensa a katangar asibitin dabbobi ya ɗauki tsintsiya. Keken nan feda ɗaya gare shi na kirki, ɗayan ƙarfe ne tsirara, kuma a haka yake tuƙa abinsa shekara da shekaru. Daga ɗakin marasa lafiya yake fara shara. Ya kwashe kashi, ya wanke kwanonin ruwa, ya barbaɗa toka inda ya jiƙe, sannan ya bi dabbobin ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga musu fatar ido. In likita ya shigo da farar rigarsa, abin da yake fara cewa shi ne, "Malam, wa ya kwana lafiya, wa bai kwana ba?" Abin da ya faɗa, shi likita ke rubutawa. Amma a takardar aiki mai shara aka rubuta shi. Shekara talatin da ɗaya, mai shara.

Mu a unguwa Sai-na-ga-gida muke ce masa, har wasu sun ɗauka sunan yanka ne. Dalili, duk wanda ya tare shi ya ce, "Malam, akuya zan saya, wace iri ce mai kyau?" amsa ɗaya yake samu: "Sai na ga gida." Ko kai wane ne. In an tashi aiki da yamma sai ka ji sallamarsa a ƙofarka. Zai wuce kujerar da aka ajiye masa, ya miƙe kai tsaye inda za a kafa turke.

Ranar Alhamis mai zuwa zai ajiye aiki. Zai fita da wata takarda a cikin fayil ɗinsa wadda ta ce shi maci amana ne, kuma sakacinsa ne ya kashe awakin unguwarmu. Ƙarya ce daga farkonta har ƙarshenta. Na san ƙarya ce, don ni na fara dangwala yatsa a kan ƙorafin da ya haife ta. 'Yata ke rubuta min wannan, kuma na ce mata yadda na faɗa haka za ta sa, kar ta wanke min baki. Ban yi makaranta ba, amma ba na manta abin da ake bina. Cokalin gishiri in na ara a gidanki, zan mayar kafin ki tuna. Wannan bawan Allah shekara uku ke nan yana bina, ko sau ɗaya bai zo tambaya ba, kuma shirun nasa ya fi zagi ci min rai.

Bari in fara gaya muku ko shi wane ne, don ku san wanda aka yi wa.

In ya shigo gidanki, ƙasa yake fara dubawa. Zai tsuguna ya damƙi ƙasar wurin ya murza, ya ji ko tana riƙe laima. Ya ɗaga kai ya ga ta ina rana ke faɗowa da tsakar rana. Ya tambaya ina kuke samun ruwa, bokiti nawa, wa ke ɗaukowa. Ya leƙa inda ake zubar da ɓawo da ragowar abinci. Sai ya gama duk wannan zai zauna ya sha ruwan da aka kawo masa tun ɗazu, ya jefo tambayar da kowa ke gudu.

"Madara kike so ko nama?"

"Duka biyun, Malam."

"Kowa duka biyun yake so. Wanne ne in babu shi gobe za a yi kuka a gidan nan?"

In kika ce nama, gajerun nan zai nuna miki, masu faɗin ƙirji, masu haifar biyu-biyu, wani lokaci uku. Ba su da zaɓen abinci, laima ba ta dame su ba, amma madararsu ta 'ya'yansu ce, in kika tatsa kin shiga hakki. In madara ce, dogayen nan masu dogon kunne, amma su sai busasshen wuri da sarari. Ɗaure su a lungu mai danshi, wata biyu kofato ya ruɓe. Jajayen nan na tsaka-tsaki kuwa, ya ce su ne na gidan da ke son kofin safe na yara da ɗan taure guda a ƙarshen shekara. Ba za su cika miki kwano ba, ba kuma za su ba ki kunya ba.

Mai ɗinkin bakin titinmu, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, ta kafe ita sai mai madara. Ya ce mata, "Ke da kike fita shago da sassafe sai faɗuwar rana, wa zai tatsa? Mai madara ba ta san uzuri ba. Safe da yamma take so, kika saɓa, hantsa ta kumbura ta lalace." Ta yi fushinta na kwana biyu, sannan ta bi shi ya zaɓo mata gajeru biyu. Yau je ki gidanta. Sai kin tattare zani kina tsallake 'yan awaki kafin ki kai ƙofar ɗaki.

Ni kaina ya taɓa raka ni kasuwar dabbobi, shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Muna shiga wani dillali ya jawo wata akuya, hantsarta ta cika tam tana sheƙi.

"Ga taki nan, Hajiya. Wannan in kin kai gida sai kin sayi firij."

Malam ya buɗe bakinta ya ƙirga haƙora, ya ɗaga fatar ido, ya ɗaga wutsiya, ya bi kofato huɗu. Sannan ya zaro wani ƙaramin kofi daga aljihu ya ce zai tatsa.

"Tatsa mana. Ai ga shi nan yana ɗiga da kansa."

Ya tatsa, kofi ya cika har ya zuba. Ni har na fara kwance bakin zani. Sai na ji ya ce, "Madalla. Gobe da safe za mu dawo mu sake."

Fuskar dillali ta canza. "Malam, nan kasuwa ce ko asibiti? Gobe an saye."

"In an saye, Allah ya sa albarka."

"Kai dai ba ka son ganin mutum ya ci abinci. Mai shara ma ya zama alƙali."

"Kwana nawa ka raba ta da ɗanta ba ka tatse ta ba? Biyu ko uku?"

"Ji sharri."

"Dubi yadda take ware ƙafa in tana tafiya. Ciwo take ji, ba arziki ba ne."

Washegari muka koma. Ba a saye ba. Aka tatsa, ko rabin kofi ba ta kai ba. Shi kuwa ya ratsa can gefe ya kamo wata 'yar ja da ba wanda ya kalla, ya tatse ta, ya ce in taɓa hantsar. Na ji ta laƙwas kamar tsumma. Ya ce, "Haka ta kirki take in an tatse ta. Wadda ta tsaya da tauri bayan tatsa, nama ne ya cika ta, ba madara ba." Jar nan ita ce kakar duk awakin da ke gidana yau.

Malam, kai ne wanda dillalai ke tsaki in sun hango kekenka. Kai ne wanda ka shiga kusan kowane gida a unguwar nan, kuma ban san mace ɗaya da za ta ce ka karɓi ko ƙwai a hannunta ba. Kai ne mai cewa a'a a fuskar mutum, kana kallon ƙasa don kunya, amma a'ar tana nan daram. A'ar nan ce ta jawo maka.

Shekara uku da suka wuce wata ƙungiya ta ce za ta raba mana awakin ƙasar waje. Aka tara mu aka nuna mana hoto: farare tas, manya, hantsa har gwiwa. Aka ce kowacce tana cika ƙaramin bokiti a rana. Guda ashirin da huɗu, da bunsuraye biyu, kowanne kamar ɗan maraƙi. Unguwa ta rikice. Matan da ba su taɓa ɗaure ko kaza ba suka zama makiyaya a yini ɗaya. Likita ya ce tunda Malam ya san gidaje, shi zai zagaya ya kawo sunayen waɗanda za a ba.

Ya zo gidana. Gidan da ya sani kamar tafin hannunsa, amma sai da ya tsuguna ya murza ƙasa.

"Inna, turkenki a bakin kwata yake. Rufin kwano ne, ga shi ƙasa-ƙasa, da rana kamar murhu. Fararen nan fatarsu ba ta son rana, huhunsu ba ya son laima. Ciyawa yankakkiya suke ci, dami safe dami yamma, ruwa kuma kowacce bokitinta. Wa zai yanko miki?"

"Ina da 'ya'ya, ina da jikoki."

"Kina da su. Wa ya yanko miki jiya?"

Sai na ɗauki fushi. "Ni za ka koya wa kiwo? Ina kiwon awaki kana bayan uwarka."

"Haka ne, Inna. Ki ba ni shekara biyu. A bar su a gidajen da za su iya, a haɗa bunsurayen da dogayen awakinmu. 'Ya'yan da za a samu, ruwa biyu, su ne naki. Za su ɗauko madarar dangin uba da juriyar uwa."

"Shekara biyu? Ka yi shawara da mai ɗaukar rai ya ce zai jira ni?"

Ya yi murmushi, ya yi sallama, ya hau kekensa. Da takarda ta fito, gida shida kawai ya rubuta. Ɗaya daga ciki gidan ƙanwar matarsa ne. Shi ke nan, an samu abin riƙewa. Ba wanda ya ce ai matar nan tana da rijiya a tsakar gida, da ɗakin awaki mai daɓen katako, da gonar ciyawa a bayan katanga. Ba kuma wanda ya lura bai rubuta gidan kansa ba. Ni na lura. Na yi shiru, don ba abin da nake son gani ba ne.

Babban ɗana mai shagon kayan gini shi ne sakataren ƙungiyar masu kiwo ta unguwa. Tun ranar da aka ba shi muƙamin nan yake yawo da biro biyu a aljihun gaba. Shi ya zauna ya rubuta ƙorafi, cewa mai shara ya ci amana, ya ware wa danginsa da 'yan koransa kayan jama'a. Ya kawo min ya karanta. Ba zan fake da cewa ban iya karatu ba. Da kunnena na ji "maci amana", na ce a miƙo tawada. Da mata suka ga yatsana a sama, sai suka bi layi. Mu goma sha huɗu, sa hannun Sakatare da biro a can ƙasa.

Cikin mako guda aka cire Malam daga kan awaki aka mayar da shi bakin ramin da ake ƙona mushe. Aka raba fararen nan gida-gida, kowa ɗaya. Ranar rabo an kawo rumfa, an kawo kujeru, an yi jawabi. Da za a ɗauki hoto, shi aka kira ya riƙe bunsuru don ba wanda zai iya da shi, sannan mai hoto ya ce ya ɗan matsa baya, igiyar kawai ake so ta fito. Ina zaune a layin gaba da sabon mayafi ina kallo.

A bakin ƙofa ya tare ɗana. Ina kusa, na ji komai.

"Sakatare, abu ɗaya nake roƙo. Bunsurayen nan kar a sake su a kan ƙananan awaki. Ɗan zai fi ƙarfin uwar."

"An gode, Malam. A koma bakin aiki."

Washegari Sakatare ya ɗauki igiya da kansa, yana jan bunsuru gida-gida kamar mai rakiyar babban baƙo. Duk mai akuya, ja ce ko gajera, aka haɗa. Har da jar tawa, jikar waccan ta kasuwa, wadda nake ji da ita kamar mutum.

Farar tawa kuwa, kwana goma na farko na sha kallo. Maƙwabta na shigowa, ina tatsa ina yanga. A mako na uku ta fara haki da rana, baki buɗe. Sai tari. Sai majina. Madarar da aka ce bokiti ta koma kofi, kofi ya koma rabi. Jikokin da na yi tutiya da su kwana huɗu suka yanko ciyawa, a na biyar kowa ya tuna yana da jarrabawa. Na koma ba ta dusa da ɓawo kamar sauran, cikinta ya ƙi. Wata huɗu ta yi a hannuna. Ran da ta mutu ban yi kuka ba, don a gida bakwai an riga ni.

Da wata biyar ya cika wa waɗanda aka haɗa, masifa ta biyu ta sauka. Jar tawa ta fara naƙuda da hantsi. Har rana ta take tana abu ɗaya. Kan ɗan ya fito, ƙato, harshe ya kumbura, sauran jiki ya ƙi. Tana kwance tana kallona, kukan ma ya daina fita. Na aika a kira Sakatare, aka ce yana taro. Likita ya yi tafiya. Na tsaya a tsakar gida na duba gabas na duba yamma, mutum ɗaya ne ya rage, kuma shi ne wanda ba ni da fuskar zuwa wurinsa.

Ban aiki kowa ba. Na ja takalmina na tafi da ƙafata, cikin ranar nan. Na same shi a bakin rami da shebur, hayaƙi na tashi, farare biyu a ciki. Na tsaya a bayansa. Ya juyo ya dube ni, ya dubi hannuna da jini ya ɓata.

"Jar akuyar ce?"

"Ita ce."

Ya kafe shebur a ƙasa, ya ce in biyo a hankali, shi zai yi gaba. Kafin in iso ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ya shafa mai, ya durƙusa a cikin ƙazantar turken nan da ya ce min bai yi ba. Ya tura kan ɗan ya koma ciki, ya laluba ya nemo ƙafa, yana yi yana mata magana ƙasa-ƙasa. Na durƙusa kusa da shi, na ga dama ce.

"Malam, maganar takardar nan..."

"Inna, riƙe min kanta da kyau, kar ta buga."

Na riƙe. Ɗan ya fito ba rai, girmansa ya kusa rabin uwar. Ita ta rayu. Ya wanke hannu, ya ce a ba ta ruwan ɗumi, a rufe ta da buhu, kar a bari bunsuru ya kusance ta sai ta huta sosai. Ya hau keke ya koma kan shebur ɗinsa, don lokacin cin abincinsa ne ya kashe a gidana. A makon nan gida tara ya shiga, kuma bakwai daga ciki yatsunsu na kan takardar. Wasu ya ceto, wasu ya tarar an makara. Ba gidan da ya ce, "Ai na faɗa."

Yanzu ga inda jinina ke tafasa. Da labari ya kai sama, aka turo masu bincike a mota mai sanyi. Gida nawa suka shiga? Ko ɗaya. Turke nawa suka gani? Ko ɗaya. Suka zauna a ofis aka kawo musu lemo, suna neman wuyan da za a rataya wa abin. Wanda ya zaɓo awaki daga hoto ba zai ce shi ne ba. Wanda ya raba su kamar alewa ba zai ce shi ne ba. Sai suka buɗe fayil suka tarar mun riga mun share musu hanya. Ga yatsu goma sha huɗu sun ce mai shara ba shi da amana. Suka ɗora a kai, suka rubuta wai bai yi feshin magani ba lokacin da awakin ke tsare a asibiti, wai haushi ya sa ya yi sakaci. Mutumin da ke wanke kwanon ruwan dabba kamar a ciki zai sha. Wanda ya kawo hoton an ƙara masa girma, na ji an ce har kujerarsa juyawa take yi.

Cikin ashirin da huɗun nan, bakwai ne suka ga ƙarshen shekara. Shida daga ciki a gidajen nan shida suke. Ba wanda ya sa wannan a rahoto. A gidajen ne ya lallaɓa, bayan an tashi aiki, ya haɗa bunsurun da ya rage da dogayen awaki. Shekara biyu ya ce, shekara biyu ɗin ce kuwa. Bara ya sa na matsar da turkena daga bakin kwata, na ɗaga rufi, na yi daɓe. Ya zo ya gani, sannan ya kai ni gidan ƙanwar matarsa, wadda na ɓata wa suna, na ɗauko 'yar ruwa biyu. Matar har kujera ta ba ni.

Za ku ce me na zauna yi duk tsawon lokacin nan. Ni ma na tambayi kaina. Na ɗauka takarda abu ce da ke tsufa a cikin durowa har a manta. Watan jiya na haɗu da matarsa a wurin injin niƙa. Ta gaishe ni da ladabi, muka yi jiran layi, sai ta ce, "Inna, kowa in zai ajiye aiki ana karanta masa takardar yabo a gaban abokan aiki. Shi an ce ya zo ya karɓi fayil ɗinsa ta taga. Bai ce min komai ba sai abu ɗaya. Ya ce ba ya so wata rana bayan ba shi, 'ya'yansa su buɗe takarda su ga an rubuta ubansu maci amana ne."

Na bar niƙana a wurin na wuce ofis. Akawu ya ɗago kai daga wayarsa.

"Hajiya, takarda in ta shiga fayil ta shiga ke nan."

"Da ƙafarta ta shiga? Hannu ya sa ta, hannu zai fitar."

Ya ga ba tashi zan yi ba, ya shiga wurin likita ya fito. Aka ce in waɗanda suka kawo ƙorafi sun janye a rubuce, tare da sa hannun wanda ya rubuto shi, likita zai cire, ya kuma rubuta gyara a kan rahoton, tunda a kan ƙorafin aka gina shi. Amma sai kafin ƙarfe huɗu na ranar Laraba, don Alhamis za a rufe fayil.

Na sa 'yata ta rubuta janyewar, na sayi tawada, na bi gida-gida da gwiwar nan tawa. Biyu daga cikinmu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya yafe musu, na kuma roƙa musu a wurin Malam. Saura kowacce da zancenta. Wata ta ce, "Ni fa ke na bi, Inna." Na ce, "To, sake bina." Wata ta ce sai mijinta ya dawo. Na ce ran da kika dangwala na farko yana ina? Ta miƙo yatsa. Mu goma sha biyu mun cika. Saura biro.

Na sami Sakatare a shago yana auna wa wani ƙusa.

"Inna, in na sa hannu na ce ni maƙaryaci ne ke nan. Da wane ido zan kalli mutanen ofis? Bana fa nake neman shugabancin ƙungiya."

"Da idon da ka kalli awakin mutane suna mutuwa."

"Abin nan ya wuce. Shi kansa bai ce komai ba."

"Don bai ce ba, shi ne ba a yi ba?"

"Zan duba."

Yau kwana goma yana dubawa. Ni na haife shi, na san dubawarsa. Tun yana ƙarami in ya fasa kwano sai ya tura gutsattsarin ƙarƙashin gado ya fito yana fito.

Shekaranjiya Malam ya ji labari ya zo. Wannan karon a kujerar ya zauna, abin da bai taɓa yi da fari ba. Ya ce, "Inna, ki bar shi. Kar ki ɓata da ɗanki a kaina. Takarda ce kawai." Na ce, "Matarka ta gaya min ko mece ce." Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Dattijo mai furfura, ya zo yana roƙa wa wanda ya zubar masa da mutunci. Abin ya ƙara tunzura ni. Malam, ka yi haƙuri, wannan shawarar taka ba zan ɗauka ba.

Amma na gode. Na gode da gaskiyar da ka gaya min a tsakar gidana lokacin da ƙarya ta fi sauƙi, ta kuma fi riba. Da ka rubuta sunana ran nan, da na sa maka albarka, akuya ta mutu in ce ƙaddara, kai kuma ka fita da takardar yabo. Ka san haka, ka ƙi. Na gode da jar akuyata da ke tsaye a turke yanzu tana tuƙa. Na gode a madadin yaran mai ɗinki, da duk jaririn unguwar nan da ya sha madara saboda kai ka zaɓi uwar garken gidansu. Abin da na yi maka na faɗa a gaban jama'a, don a gaban jama'a na yi shi. Ka yafe min.

Ku kuma masu farar riga da ke tasowa, da masu zuwa mana da hoto a mota, ku yi koyi da mai shara. Kafin ku ce wa mutum ga abin da ya dace da shi, ku sauko ku taka ƙofar gidansa, ku ɓata takalminku. Mu kuma mutanen unguwa, in muka samu wanda ke iya ce mana a'a don amfaninmu, mu riƙe shi da hannu biyu, kar mu kai shi ƙara. Ranar Alhamis duk wanda ya taɓa jin sallamar mutumin nan a ƙofarsa ya zo asibitin dabbobi da ƙarfe goma. In ofis ba ta karanta masa komai ba, mu muna da baki.

Kai kuma Sakatare, na san za a karanta maka wannan, in ma ba ka riga kowa gani ba. Daga gobe da ka buɗe shago za ka tarar da ni a bakin ƙofa, da kujerata da takardar a cinyata. Duk mai shigowa sayen siminti sai ya tsallake ƙafata, kuma duk wanda ya tambaye ni, "Inna, lafiya?" zan ba shi labari tun daga farko, ban rage komai ba. Ba ni da wani aiki daga nan har ƙarfe huɗu na ranar Laraba.